Kurakuran masu fita daji wajen guzurin abincin sojoji da taliyar leda

Duk shekara idan hunturu ya kama, matasan Kaduna sukan shirya hawan duwatsun Kagoro ko kwana a kusa da ruwan Matsirga, kuma na gaji da ganin suna maimaita kurakurai iri ɗaya a kan guzuri, musamman masu sayen abincin sojojin Amurka da ake kira MRE.

Kuskure mafi muni shi ne zaton cewa wannan abinci ba ya lalacewa. An tsara shi ya yi shekara 3 idan zafin ma'ajiyarsa bai wuce digiri 27 ba, amma a digiri 38 wata 6 kawai yake yi, kuma kowa ya san yadda but ɗin mota yake komawa tanderu a garin nan cikin Maris da Afrilu. Ni kaina na taɓa barin kwali guda a but tun bazara, sai bayan damina na tafi da shi dutse. Da na buɗe, na ga ledar naman ta ɗan kumbura, na ce ai abincin soja ne, na ci abina. Kafin asuba amai da gudawa sun kwantar da ni, abokan tafiyata suka sauko da ni a kafaɗa, na yi kwana uku ana yi mini ƙarin ruwa. Don Allah, duk ledar da ta kumbura ko ta huje a jefar da ita, komai tsadarta. A kuma duba lambobi huɗun da ke jiki: ta farko ita ce lambar ƙarshe ta shekarar da aka haɗa abincin, sauran ukun kuma ranar ce a cikin shekarar. Ke nan 3045 na nufin rana ta 45 a 2023, ko ma a 2013, kuma ba kowane mai sayarwa ne zai faɗa maka wacce ba.

Na biyu shi ne raina ruwa. Yaro zai cika jaka da Indomie, ya riƙo gora ɗaya, ya manta cewa taliya sai an dafa, kuma gishirinta da na MRE yana tayar da ƙishirwa. Haba, wane irin lissafi ne wannan? Ni ba na fita da ƙasa da lita 4 na yini guda, rabin ledar magin kawai nake zubawa, kuma romon ma shanye shi nake yi.

Ledar ɗumama abinci da ke zuwa cikin MRE tana ɗauke da garin maganiziyam da ƙarfe da gishiri, kuma da an zuba ruwa takan fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, saboda haka kada a yi amfani da ita cikin tanti ko rufaffiyar mota. A karanta abin da aka rubuta a jikin kowace ledar abinci, domin wasu suna da naman alade. Kada kuma a fara ɗanɗana sabon abinci a kan dutse, a gwada shi tun a gida.

Masu cin MRE safe, rana da dare kuwa cikinsu yakan ɗaure. Leda ɗaya tana da kalori kusan 1,250, shi ya sa nake cin guda kawai da dare, sauran yinin kuma garin kwaki da ƙuli-ƙuli, kilishi da dabino suke riƙe ni, ga su ba nauyi, ba sa kuma buƙatar wuta.