Yadda ake zaman bin numfashi irin na mabiya Buddha in labarai sun cika maka kai

Wato akwai daren da mutum zai ajiye waya amma wayar ba ta ajiye shi ba, labarin yaƙi nan, rigimar siyasa can, ga muhawarar da ka karanta a Facebook tana ta juyawa a kai har ƙarfe ɗaya. A irin wannan daren ne na fara gwada zaman nan, kuma gaskiya ya min amfani sosai shi ya sa na ce bari in rubuta yadda ake yinsa. Ba ɓangaren aƙida zan taɓa ba, horon hankali kawai zan yi magana a kai.

Sunansa anapanasati a harshen Pali, harshen tsofaffin littattafan addinin Buddha. Ana da apana shaƙa da fitar da numfashi ne, sati kuma, e haka ake faɗa kamar satinmu na kwana bakwai amma ba su haɗa komai ba, asalin ma'anarsa tunawa. Wannan kalmar ka riƙe ta da kyau don ita ce aikin gaba ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauka so ake ka share kanka fes babu tunani ko ɗaya, sai su gwada minti biyu su ga tunani na ta tururuwa su ce abin ba nasu ba ne. A'a. Za ka manta da numfashin, sai ka tuna, ka dawo. Dawowar nan ita ake nema.

To ga yadda za ka yi. Sa alam na minti goma, ka kife wayar nesa da inda hannunka zai kai. Zauna a ƙasa kan filo ko a kujera, duk ɗaya ne, ba dole sai ka naɗe ƙafafu irin na hotuna ba, baya dai a miƙe ba a sandare ba, hannuwa kan cinya. Ido a lumshe, in kana jin barci ka ɗan buɗe ka kalli ƙasa.

Sai ka zaɓi waje ɗaya da za ka ji numfashin. A kwas ɗin kwana goma na S. N. Goenka, wani malamin irin wannan zaman da ya rasu a 2013, bakin hanci ake sa wa hankali, inda iska ke shiga da ɗan sanyi ta fito da ɗumi. Mahasi Sayadaw na ƙasar Bama shi kuma ciki ya koyar, tashinsa da saukarsa. Ni ciki ya fi min sauƙi don motsinsa babba ne, amma ko wanne ka ɗauka kar ka riƙa canzawa a tsakiyar zama. Kuma kar ka gyara numfashin, nassin littattafan Buddha kan wannan zaman ma cewa ya yi in dogo ne ka san dogo ne, in gajere ne ka san gajere ne, bai ce ka ja shi ba.

In hankali ya ƙi tsayawa sai ƙirge. Ka fitar da numfashi ka ce ɗaya a zuci, na gaba biyu, har goma sai ka koma ɗaya. Buddhaghosa, malamin da ya yi rubutu a Sri Lanka a ƙarni na 5, ya ce kar ƙirgen ya gaza biyar kuma kar ya wuce goma, kuma in ka gwada za ka gane dalili, da ka ji kanka a sha bakwai ka san tuni ka tafi. Ni a huɗu na fi ɓata, sai in tsinci kaina ina ta shirya amsar da zan ba wani, ko ina cikin littafin masu shan jini da nake karantawa ina tunanin ko mutumin zai kai gida kafin rana ta fito. Da ka farga, ka ce "tunani" sau ɗaya a zuci, a hankali ba da tsawa ba, ka koma ɗaya.

Tsawar nan ita ce ke kashe wa mutane gwiwa. Akwai labarin wani almajirin Buddha mai suna Sona da ya matsa wa kansa da tafiya har ƙafafunsa suka yi jini, da ma makaɗi ne, sai Buddha ya tambaye shi in tsirkiya ta yi tauri da yawa tana ba da sauti? In ta yi sako-sako fa? Haka ƙoƙarin ma yake. Littattafansu sun lissafa abubuwa biyar da ke tare hanya, kwaɗayi, ƙiyayya, kasala da gyangyaɗi, rashin natsuwa, sai shakka, kuma bayan karatun labarai na biyu da na huɗu ne suka fi zuwa. In fushi ya taso ka nemo inda yake a jiki, muƙamuƙi ya cije ko ƙirji ya yi zafi, ka bar labarin da ya jawo shi.

Ƙafa in ta yi sanyi gyara zama, ba laifi. Amma wanda zaman ke taso masa da tsohon firgici ko faɗuwar gaba mai tsanani, ya dakata ya ga likita, wannan ba abin daurewa ba ne.

Minti goma kullum ya fi awa guda ranar hutu. Alam in ya buga kar ka zabura, ƙara numfashi uku, miƙe ƙafa, wayar kuma ta kwana inda take.