Yadda ake samun shafin kyauta mai kyau na buga pinochle a intanet

Pinochle wasan karta ne da ya yi ƙarfi a Amurka. Jamusawa 'yan ci-rani ne suka kai shi can a ƙarni na 19, kuma ɗan'uwan wasan bezique ne na Faransa. Shafukan da ake buga shi kyauta suna da yawa, amma abin da ke sa mutum ya shiga ɗaya ya fito da takaici ba kasafai yake zama laifin shafin ba. Yawanci ya zauna ne a teburin da dokokinsa ba su ne ya sani ba. Saboda haka neman shafi yana farawa ne daga sanin irin wasan da kake so.

Da farko, tantance wane pinochle kake nema

Iri biyu ne suka fi yawa a intanet. Akwai mai kati 48: gidaje huɗu, ♠ ♥ ♦ ♣, kowane gida yana da A, 10, K, Q, J da 9, kowanne sau biyu. Mutum huɗu ne ke zama, biyu-biyu abokan juna, kowa ya karɓi kati 12. Akwai kuma mai kati 80, inda ake haɗa kwali biyu a cire duk 9, kowa ya karɓi kati 20. A shafukan za ka ga an rubuta single deck a kan na farko, double deck a kan na biyu. Ana kuma yin na mutum biyu da na mutum uku, sai dai samun abokan bugawa a waɗannan ya fi wuya.

Ka lura da girman katunan, domin nan sabon shiga ke fara yin asara: A ce babba, sai 10, sai K, Q, J, sannan 9. Wato 10 ta fi K. Wanda ya saba da wasu wasannin karta zai jefar da 10 yana zaton ƙaramin kati ne, ya miƙa wa abokan hamayya maki a banza.

In kana koyo ne, fara da mai kati 48. Hannun ya fi sauƙin karantawa, kuma yana shiga fuskar waya ba tare da katunan sun hau juna ba.

Inda za ka fara dubawa

CardGames.io yana buɗewa kai tsaye a burauza, ba sai ka yi rajista ba, ka zauna da kwamfuta ka buga. Wurin koyo ne mai kyau, don ba wanda zai tsawata maka in ka daɗe kana tunani. Trickster Cards ya fi dacewa da wanda yake da abokansa: kana buɗe teburi, ka zaɓi dokoki, ka gayyace su, kuma yana da mai kati 48 da mai kati 80. World of Card Games da PlayOK kuwa wurare ne da ake haɗuwa da baƙi ana bugawa. Shafuka kan sauya tsari, don haka kada sunan kaɗai ya ishe ka, kowanne ka gwada shi kamar yadda za a bayyana a ƙasa.

Tsofaffin bayanai a intanet suna yawan ambaton Yahoo Games, wanda a da can ne matattarar masu wannan wasa. An rufe shi tuntuni. Haka duk shafin da ya ce sai ka saka Flash, wata tsohuwar manhajar wasa da bidiyo a burauza, ka bar shi, don an daina tallafa wa Flash tun ƙarshen 2020, kuma abin da ake ba mutane da sunansa yanzu sau da yawa manhajar cutarwa ce.

Buɗe shafin dokoki kafin ka zauna

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Shafi mai kyau yana rubuta dokokinsa a fili, mafi kyau kuma yana barin ka ka sauya su. Abu huɗu za ka nema.

Na ɗaya, mafi ƙarancin tayi. Kafin a fara jefa kati ana yin tayi kamar a kasuwa, kowa yana faɗin makin da ɓangarensu zai kai, wanda ya fi kowa tayi shi ke zaɓen gidan da zai yi mulki a wannan hannun, wato wanda katunansa ke doke na sauran gidaje, wanda shafukan ke kira trump. A mai kati 80 ana farawa daga 50, ana ƙara ɗaya-ɗaya har 60, daga nan sai biyar-biyar. A mai kati 48 babu tsayayyen adadi: teburin da ake musayar kati tsakanin abokai yakan fara daga 250, wanda ba a musaya kuma yakan fara ƙasa da haka. Wasu shafukan suna cire sifilin ƙarshe, 250 ta koma 25. Lissafin ɗaya ne, kada ya ruɗe ka.

Na biyu, musayar kati. A wasu teburori abokin wanda ya ci tayi yana miƙa masa kati uku ko huɗu, shi ma ya mayar masa da adadin. Wannan doka tana sauya wasan gaba ɗaya. Inda ake musaya za ka iya tayi mai tsada kana sa ran abokinka zai cike maka giɓi. Ka yi irin wannan tayin a teburin da ba a musaya, za ka faɗi, wato ku kasa kai makin da ka taya, kuma faɗuwa a pinochle tana da zafi: ana cire duk adadin da ka taya daga makin ɓangarenku.

Na uku, tilascin doke kati. Kowa ya yarda dole ka bi gidan da aka jefo, in ba ka da shi kuma dole ka sa na gidan mulki. Saɓanin yana kan ko dole ne ka doke katin da ke ƙasa in kana da wanda ya fi shi. A tsohuwar doka dole ne a kowane gida, a wata kuma sai in gidan mulki aka jefo. Idan ka taɓa kati ya ƙi fita, kafin ka ce shafin ya lalace, duba wannan dokar.

Na huɗu, sharaɗin tsira da makin haɗi. Haɗi, wanda za ka ga an rubuta meld, shi ne katunan da kake bajewa bayan tayi don samun maki. Ba naka ba ne sai ka kare shi a wasa. A mai kati 48 galibi sai ɓangarenku ya ci zagaye aƙalla ɗaya, wato kowa ya jefa kati ɗaya naku ya fi girma ku kwashe, a mai kati 80 kuma sai kun tara maki 20 a zagayen.

Gwada lissafinsa da kanka

Buga hannu biyar ko shida da kwamfuta, da biro da takarda a gefe. A mai kati 48, jerin A, 10, K, Q, J na gidan mulki 150 ne. K da Q na gidan mulki 40, na wani gida 20. Q♠ da J♦ tare, wanda shi ne ainihin abin da ake kira pinochle, 40 ne, in kuma kana da su biyu-biyu 300. Katin A ɗaya daga kowane gida 100, K 80, Q 60, J 40, sai 9 ta gidan mulki 10.

Wurin da manhaja mara inganci ke tuntuɓe shi ne kati ɗaya mai aiki a haɗi daban-daban. Q♠ guda tana iya zama da K♠, ta zauna da J♦, ta kuma shiga cikin Q huɗu, duk a lokaci ɗaya, a ƙirga mata duka ukun. Amma K da Q da ke cikin jerin 150 ba a sake ba su 40 a yawancin dokoki, sai in akwai ƙarin kati. Sannan ka haɗa makin zagaye na ɓangarorin biyu a ƙarshen hannu: dole ya ba da 250 a mai kati 48 (25 in an cire sifili), ko 50 a mai kati 80, inda kowace A, 10 da K ke da maki ɗaya, zagayen ƙarshe kuma biyu. In bai yi daidai ba, nemi wani shafin.

Za ka ji masu cewa shafi kaza yana maguɗin rabo. Hannu goma marasa kyau a jere ba hujja ba ce, haka karta take ko a kan tabarma aka raba ta.

Tabbatar kyautar ta gaske ce

Shafin kyauta na gaskiya da talla yake ci, ba ya neman lambar katin bankinka. Wanda ya ce ka saka lamba don gwaji na kwana bakwai zai fara cire kuɗi a rana ta takwas. Akwai kuma masu ba ka kwabban wasa kaɗan, su ƙare, a ce ka saya kafin ka sake zama. Mafi muni su ne masu sa kuɗi a kan teburi, wannan caca ce ƙarara ko da wane suna aka kira ta, kuma pinochle ba ya bukatarta don ya yi daɗi.

Duba adireshin ya fara da https. Kada ka sauke wani fayil daga shafin kansa, in manhajar waya kake so ka ɗauko ta daga Play Store ko App Store. In ya nemi izinin turo maka sanarwa, ƙi. Wajen rajista yi amfani da sunan wasa da kalmar sirri wadda ba ta imel ɗinka ba ce.

Sai zama da mutane

Yawancin masu bugawa a Amurka suke, kuma New York tana bayan Najeriya da Nijar da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara. Ƙarfe takwas na darensu, lokacin da teburori ke cika, ƙarfe ɗaya ko biyu na dare ne a Kano ko Maraɗi. Wanda ya leƙa da hantsi ya ga ba kowa zai ɗauka shafin ya mutu, alhali masu shi barci suke. Leƙa da daddare ko a ƙarshen mako kafin ka yanke hukunci.

Gwada kuma abin da ke faruwa in sabis ya ɗauke. Kashe data na rabin minti a tsakiyar wasa da kwamfuta, ka kunna. Shafi mai kyau zai mayar da kai kujerarka. A teburin mutane, galibi kwamfuta ce ke riƙe maka katin har ka dawo, wasu shafukan kuma suna rubuta maka shi a matsayin gudu, har mutane su riƙa ƙin zama da kai. Wasan kansa ba ya cin data sosai, tallan bidiyo ne ke cinye ta, don haka shafin da ke sa bidiyo bayan kowane hannu zai yi maka tsada.

A teburin mai kati 80, tayi ma magana ce tsakanin abokai. A teburori da yawa, buɗewa da 52 maimakon 50 yana gaya wa abokinka cewa kana da haɗi na kusan maki 20 a lissafin da aka cire sifili, shi kuma zai hau tayi bisa wannan. In ka faɗi 52 haka kawai, ka jefa shi a rami. Kafin hannun farko, rubuta a akwatin hira cewa kai sabo ne, ka tambayi abokinka ko yana amfani da irin waɗannan alamu, sannan ka kwantar da wayar a kaikaice don katunan 20 su fito sosai.