Matsuwar bayan gida ga mai daɗaɗɗen ciwon hanji: kurakuran da ke ƙara wahala

Wanda bai taɓa wannan ciwo ba, da wuya ya gane tsawon minti biyu. Kana cikin sahu, ko a motar haya an bar Zariya ba a kai Kaduna ba, sai ciki ya murɗa, zufa ta keto. Wani lokaci a kai banɗaki, wani lokaci abin ya riga ka. Kunyar da ke biyo baya ce ke sa mutane su riƙa yi wa kansu magani a ɓoye, kuma daga nan yawancin kurakuran ke fitowa.

Babban kuskuren shi ne kiran kowace gudawa mai jini atuni ko basir. Mutum ya yi shekara yana sayen Flagyl a kemis, ya haɗa da jiƙe-jiƙe, abu ya lafa ya dawo. Atuni na gaske, idan an sha maganinsa daidai, yakan wuce. Gudawar da ta haura mako 4, da jini da majina, tana tashin mutum cikin dare, yana rama, tana bukatar gwajin bayan gida da na jini, wani lokaci har da leƙa hanji da na'ura, wato kolonoskofi. Tana iya zama kumburin babban hanji mai gyambo ko cutar Crohn, wadda ita ma daɗaɗɗen kumburin hanji ce. Na farkon daga ƙarshen hanji yake somawa, daidai wurin da ke ajiye kashi kafin a fita da shi. Idan wurin ya kumbura, ba ya iya riƙe ko ɗan kaɗan, shi ya sa za ka ruga ka tsuguna amma majina kawai ta fito. Saboda haka kwantar da kumburin shi ne asalin maganin matsuwar. Abin da ya fi damuna a nan, masu ƙin maganin da ake cusawa ta dubura don kunya, alhali shi ke isa wurin ciwon kai tsaye. Haka kuma masu daina shan mesalazin, maganin kwantar da kumburin hanji, da zarar sun ji sauƙi. Wannan magani aikinsa har da hana ciwon dawowa.

Sai ƙin cin abinci duk ranar da za a fita. Dabarar tana da dalili, domin cin abinci na motsa hanji, musamman da safe. Amma mai gudawa da ya wuni da yunwa da ƙishirwa jiri zai ɗebe shi, ga ƙarancin jini da ma yana fama da shi. Gara ka tashi da wuri, ka ci kaɗan, ka ba cikin lokaci ya gama abin da zai yi kafin ka fita. Ka rubuta abin da kake ci na mako 2, za ka ga mai tayar maka da ciki: ga wani yaji ne, ga wani madara, kofi, shayi mai kauri ko soye-soye. Kada ka haramta wa kanka komai da komai don an ce. Ranar da gudawa ta yi yawa, a sha ruwan gishiri da sukari.

Imodium, maganin tsayar da gudawa, na taimakawa idan ciwon ya kwanta kuma likita ya amince, a sha kafin doguwar tafiya. Idan akwai jini, zazzaɓi ko kumburin ciki, a bar shi, don yana iya sa hanji ya daina motsi ya kumbura, abin da ke kai mutum gadon asibiti. Diklofenak da ibuprofen ma suna iya tayar da ciwon. Farasitamol ya fi aminci.

Gudu zuwa banɗaki shi ma kuskure ne, ko da yake jiki abin da yake so ke nan. Gudu na ƙara matsa ciki. Ka tsaya cak ko ka zauna, ka matse dubura, ka ja numfashi a hankali. Matsuwar kan zo ta lafa. Da ta lafa sai ka taka a natse. Ana koyon wannan matsewar a gida, sau da yawa a rana, har naman wurin ya yi ƙarfi.

Wasu na ganin ɗaukar jakar ko-ta-kwana kamar miƙa wuya ne. Ni ban ga haka ba. Wando ɗaya, leda, gorar ruwa, ƙyalle mai taushi da kunzugu sun isa su mai da mutum kasuwa da makaranta. Wajen tsarki, ruwa zalla ya wadatar. Sabulu mai ƙarfi da gurzawa ke sa wurin ya saluɓe. A tsane shi, a shafa Vaseline. A mota, ka nemi kujerar bakin ƙofa, ka gaya wa direba tun a tasha cewa kana da larurar ciki.

Akwai kuma waɗanda suka daina zuwa jam'i, ko suke azumi cikin tsananin ciwo. Fiƙihu ya tanadi sauƙi ga wanda abu ke zubo masa ba da ikonsa ba, kuma an yarje wa mara lafiya ya sha azumi. Ka sami malamin da ka yarda da shi, ka faɗa masa sau nawa abin ke faruwa a wuni, domin hukuncin alwalar ya danganta da yawansa.