Hutu a Jirgin Ruwa Lokacin Annoba: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Za a Gyara Su

A ranar 20 ga Janairun 2020 jirgin ruwan shaƙatawa mai suna Diamond Princess ya tashi daga Yokohama ta ƙasar Japan don yawon mako biyu. Wani dattijo mai shekara 80 ya sauka a Hong Kong ranar 25 ga wata, bayan 'yan kwanaki gwaji ya nuna yana ɗauke da korona. Kafin jirgin ya koma Yokohama a farkon Fabrairu, cutar ta riga ta ci gida. Mutum 3,711 ne a ciki, fasinjoji da ma'aikata. Sama da 700 suka kamu, fiye da goma suka riga mu gidan gaskiya.

Irin wannan jirgi gari ne guda da aka ɗora a kan ruwa. Dubban mutane daga ƙasashe daban-daban, da yawansu tsofaffi, suna cin abinci wuri ɗaya, suna hawa lif ɗaya, suna riƙe ƙarfen matakala ɗaya, ga shi ba ƙofar da za ka buɗe ka tafi gida. Yanzu da irin wannan hutu ya fara shiga ran mutanenmu, musamman jiragen da ke tashi daga Jidda da Dubai, ya kamata mu san inda na gaba suka yi tuntuɓe. Korona ta lafa, amma ba ita ce annoba ta ƙarshe ba.

Ɓoye rashin lafiya

Wannan shi ne uban kurakurai, kuma shi ya fi ci mini rai. Mutum ya tara kuɗi wata da watanni, ya biya tikiti, ga iyali sun ɗinka kaya. Ana gobe tafiya sai ya ji maƙogwaro na ƙaiƙayi, jiki ya ɗau zafi. Sai ya haɗiyi farasitamol biyu, ya tsaya gaban na'urar auna zafin jiki da murmushi, a takardar tambayoyi kuma ya cike "a'a" daga sama har ƙasa. Zafin ya sauka, amma cutar tana nan, ta shiga jirgi tare da shi.

Haka abin yake a tsakiyar tafiya. Tsoron a killace mutum a ɗaki kan sa ya danne tari, ya ci gaba da zuwa wurin cin abinci. Na fahimci zafin asarar hutun. Amma wanda ke zaune kusa da kai a tebur wataƙila mai ciwon suga ne ko ciwon zuciya, kuma abin da zai zo maka kamar mura shi zai iya kai shi kushewa. Manzon Allah (SAW) ya hana shiga ƙasar da annoba ta ɓulla, ya kuma hana wanda ke cikinta fita. Wanda ya san wannan bai kamata a roƙe shi ya faɗi gaskiya ga likitan jirgi ba.

Gyaran ba shi da wahala. Idan alamu sun zo kafin tafiya, ka kira kamfanin ka nemi a ɗage maka. A lokacin korona kamfanoni da dama sun yarda a mayar da kuɗin tikiti zuwa wata tafiya ta gaba. Idan kuma a cikin jirgi ne, ka zauna a ɗakinka ka kira asibitin jirgin ta wayar ɗaki, kada ka taka da ƙafarka ka bi ta cikin jama'a.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Idan daga Nijeriya ko Nijar ko Gana ka taso, ka gaya wa likitan tun a jumlar farko cewa daga yankin sauro ka fito. Zazzaɓin cizon sauro kan ɗauki mako ɗaya ko fiye kafin ya bayyana, likitan da hankalinsa ke kan annoba kuma zai iya mantawa da shi, alhali shi ba ya jira.

Ɗaukar sakamakon gwaji kamar laya

A Nuwamban 2020 wani ƙaramin jirgi mai suna SeaDream I ya tashi daga Barbados da fasinja 53 kacal. An gwada kowa kafin ya baro gida, an sake gwada shi a bakin tasha. Saboda haka aka saki jiki, ba a tilasta sa takunkumin fuska da farko ba. Ba a yi mako ba aka samu masu cutar, jirgin ya juyo.

Gwaji yana gaya maka halin da kake ciki ne a lokacin da aka ɗauki samfurin. Wanda ya kwashi cutar jiya a filin jirgin sama, gwajin yau ba lallai ya kama ta ba. Kuma rashin tari ba shaida ba ne: a Diamond Princess kusan rabin waɗanda aka samu da cutar ba su da wata alama a lokacin da aka gwada su. Don haka kwanakin da ke tsakanin gwaji da shiga jirgi su ne na kama kai. Ba lokacin zuwa biki ko zagayen sallama gida-gida ba ne. Rigakafi ma haka yake: yana rage tsananin ciwo ƙwarai, ka yi shi, amma bai sa ka zama ƙarfe ba.

Sai ƙaramin kuskure mai tsada: yin gwajin da ba shi aka ce ba, ko yin sa da wuri. Idan an ce cikin kwana biyu, daga ranar shiga jirgin ruwa ake ƙirgawa, ba daga ranar da ka baro gida ba.

Shafa sanitaiza a maimakon sabulu

Ka tsaya a wurin ɗibar abinci ka lura da cokalin zuba shinkafa na minti biyar. Wannan ya ɗauka ya ajiye, wancan ya ɗauka, yaro ya share hanci ya ɗauka, kai ma ka ɗauka, sannan ka zauna ka gutsuri burodi da hannun nan. Shi ya sa a lokacin korona jirage da yawa suka koma ma'aikata ne ke zuba wa mutane abinci.

Cutar da ta daɗe tana addabar jiragen ruwa tun kafin korona ita ce ta amai da gudawa da ƙwayar norobairos ke kawowa, kuma sanitaiza ba ta kashe ta yadda ya kamata. Ruwa da sabulu ne maganinta, a cuɗa hannu na daƙiƙa 20, bayan fitowa daga banɗaki da kuma kafin cin abinci. Alwala tsafta ce babba, amma ba sabulu a cikinta, don haka a haɗa biyun.

Korona kuwa ta iska ta fi bi. Wanda ya goge hannu sau goma sannan ya cusa kansa cikin lif mai mutum goma sha biyu ba takunkumi, ya tsare ƙofar baya ya bar ta gaba a buɗe. Ka hau matakala idan kana da ƙarfi, ka ci abinci a sarari inda iskar teku ke kaɗawa, ka je kafin cunkoso ko bayansa.

Sulalewa daga ayari idan an sauka gari

Da jirgin MSC Grandiosa ya koma aiki daga Genoa ta Italiya a Agustan 2020, dokarsa ita ce ba mai sauka sai cikin ayarin da kamfanin ya shirya. A Napoli wasu iyali suka ware suka yi yawonsu. Da suka dawo, ba a bar su sun hau ba. Kasuwa tana da jan hankali, tsaraba kuma wajibi ce a wurinmu, amma ka tambayi dokar sauka kafin ka taka ƙasa.

Yin guzurin kwana bakwai don tafiyar kwana bakwai

Jirgin Zaandam ya bar Buenos Aires ta Ajantina ranar 7 ga Maris na 2020. Tashoshi suka yi ta rufe masa ƙofa, mutum huɗu suka rasu a ciki, bai samu wurin sauke mutane ba sai 2 ga Afrilu a jihar Florida ta Amurka. Kafin shi, jirgin Westerdam ya yi kusan mako biyu yana gararamba a tekun Asiya, har Kambodiya ta karɓe shi.

Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya ɗauki maganin ƙarin mako biyu aƙalla, a cikin kwalinsa na asali, a jakar hannu, tare da takardar likita. Asibitin jirgi ƙarami ne, kuma kuɗi ake biya, ba ya cikin tikiti. Ka karanta takardar inshorarka da kyau: ta haɗa da annoba? Ta haɗa da kuɗin otal idan an killace ka a wata ƙasa, da kuɗin ɗauke mara lafiya daga teku? Mai fasfo irin namu ya ƙara da duba biza ta kowace tasha, ya kuma riƙe katin rigakafin shawara.

Zaɓen ɗaki ma yana ciki. Ɗakin tsakiya marar taga ya fi araha, kuma a ranakun lafiya barci kawai ke kai ka can. Amma waɗanda aka killace a irin sa a Diamond Princess sun yi kwanaki ba su san dare ba su san rana ba sai ta agogo: a ƙwanƙwasa ƙofa, a miƙo abinci, a rufe, sai ɗan lokacin da ake fito da su shan iska rukuni-rukuni. Idan da hali, a lokacin annoba ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai baranda.

Dogaro da dokar da ka karanta wata uku da suka wuce

Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta dakatar da jiragen shaƙatawa ranar 14 ga Maris na 2020. Sai a Yunin 2021 suka fara tashi daga tashoshin ƙasar. A ƙarshen Disambar shekarar, da nau'in Omikron ya ɓarke, hukumar ta ce kowa ya guji hawa, ko da ya yi rigakafi. Zuwa Yulin 2022 ta rufe shirinta na sa ido kan korona a jiragen gaba ɗaya. Ka ga yadda abu ke juyawa. Dokoki uku ne a kanka: ta kamfani, ta ƙasar da za a tashi, da ta kowace tashar da za a tsaya. Ka sake dubawa ana saura mako, ka kuma dubawa ana gobe, ka buga takardunka a riƙe saboda intanet a teku ba abin dogaro ba ne.

Kada kuma ka huce haushin doka a kan ma'aikaci. A Diamond Princess, yayin da fasinjoji ke ɗaki, ma'aikata ne ke yawo suna raba abinci, suna kwana biyu-biyu ko fiye a ƙananan ɗakuna, kuma masu aikin abinci ne suka fi yawa cikin ma'aikatan da suka fara kamuwa. Wanda ya ce maka ka gyara takunkumi, ransa yake tsarewa tare da naka.

Ranar dawowa

A ranar 19 ga Maris na 2020 aka bar fasinja kusan 2,700 suka sauka daga Ruby Princess a Sydney ta Ostireliya kafin sakamakon gwajin marasa lafiyar cikinsu ya fito. Suka watsu a jiragen ƙasa da na sama, ɗaruruwa suka tabbata da cutar, aka danganta mutuwar mutum 28 da wannan jirgi.

Mu kuwa mun san yadda gidan matafiyi yake. Kafin ka ajiye jaka, falo ya cika da masu sannu da zuwa, yara na jiran tsaraba, ana ta musabaha, washegari kuma za ka je gaida Hajiya da Baba. Idan daga jirgin da aka samu cuta ka fito, ko annoba na ci a lokacin, ka sanar da dangi tun kana hanya cewa sai bayan 'yan kwanaki. Ka yi gwaji, ka kwana ɗaki daban, ka aika da tsarabar, ka gaida tsofaffi ta waya har sakamako ya fito.