Kurakuran da sababbin zuwa ke yi a titin Uludag lokacin ƙanƙara

Duk hunturu sai sababbin ɗalibai sun taso daga Istanbul ko cikin Bursa sun ce lallai sai sun hau Uludag, tsaunin da ke kusa da Bursa a Turkiyya, sun damƙi dusar ƙanƙara da hannunsu. Ba laifi, wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi dole ya yi ɗoki. Abin da ya ishe ni shi ne kowace shekara kurakuran iri ɗaya ne, kuma yawancinsu a kan titi ake yin su, tun kafin a kai filin zamiya. Tsaunin ya kai mita 2,543, otal-otal suna can sama, hanyar kuwa kwana ce bayan kwana. Da ka bar bakin otal babu wurin da aka ware wa mai tafiya a ƙasa, ɗan gefen da ke akwai ma motar share hanya ta jibge shi da dusa. Kai da mota titi ɗaya za ku raba.

Babban kuskure shi ne dogara da birkin direba. A gida mun saba: ka ɗaga hannu, ku haɗa ido da direba, ya yi hon, ya taka birki, ka wuce. Wannan ɗabi'ar ka bar ta a gindin dutse. A kan ƙanƙara nisan da mota ke ci kafin ta tsaya yana iya ninka na busasshiyar kwalta har sau goma, kuma motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa. Ƙara da gangara. Jandarma suna tare masu hawa su sa sarƙa a taya idan dusa ta yi yawa, amma sarƙa ba ta mayar da ƙanƙara kwalta, kuma da yawa daga cikin direbobin 'yan birni ne da suka zo hutun ƙarshen mako, su ma baƙin santsi ne kamarka.

Wannan ya taɓa ci mini tuwo a ƙwarya. Wani yaro da mahaifinsa ya damƙa mini amana ya ɗaga hannu ya shiga titi, motar haya na gangarowa a hankali. Direban ya taka birki tun daga nesa, ina kallon jar fitilarsa a kan dusa, amma motar ta ci gaba da zuwa a karkace, ba ƙara ba komai, har ta ture shi. Cinya ta karye. A asibiti yana ta cewa, "Wallahi Yaya ya gan ni fa." Na ce, "To ya gan ka, sai me? Ganinsa ne zai riƙe taya?" Ni na kira mahaifinsa da dare, kuma ba na fatan sake irin wannan waya. Zangon karatu guda ya tafi a kwance. Tun daga nan ba na ƙetarewa sai titi ya zama wayam ta ɓangarorin biyu, ko da direba ya yi mini alama in wuce. Kuma ba na gudu, don wanda ya zame a tsakiyar titi ya fi kowa shiga uku.

Na biyu, juya wa mota baya. A Turkiyya ana tuƙi ta hannun dama, kamar Najeriya da Nijar, don haka mai tafiya a ƙasa hagu zai bi, yana fuskantar masu tahowa. Amma sai ka ga samari biyar sun jeru kafaɗa da kafaɗa a dama, hular riga a ka, abin jin waƙa a kunne, ana shewa. Haba jama'a! Sabuwar dusa tana shanye ƙara, motar da za ka ji tun daga nesa a gari ba za ka ji ta a nan ba sai ta iso ƙeyarka. Ku bi layi ɗaya, ku cire abin kunne.

Wajen kwana mai tsanani akwai saɓani. Wasu suna cewa ka ƙetara zuwa gefen waje na kwanar don direba ya hango ka da wuri. Gaskiya ne zai hango ka, sai dai motar da ta ƙwace can gefen wajen take nufa. Ni dai tsayawa nake yi, in sauke hula, in saurara, sannan in haye kan tulin dusar gefe ko da zan nutse har gwiwa. Idan hanyar ta yi tsawo, dolmush (ƙaramar bas ta haya) nake shiga, ko in bi motar igiya da suke kira teleferik. Kuɗinsu bai kai na ɗauri ba.

Sai tufafi. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 6, hazo kuma yakan rufe tsaunin ba sallama. Baƙar riga tana ɓacewa a duhu, fara tana sajewa da dusa. Ina ɗaura ƙyalle mai ƙyalli a hannu da ƙafa, domin abin da ke motsi ido ya fi saurin kamawa. Fitilar waya ƙasa ake haskawa da ita, kada ka dalle idon direba.

Sauran kuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Hannu a aljihu: sayi safar hannu, don in ka zame ka sami abin tokarewa. Kambas mai sulɓin ƙasa ba na nan ba ne, takalmin zamiya ma busasshiyar roba ce, ba a doguwar tafiya da shi a titi. Taka gajere-gajere. Wurin da kwalta ta yi baƙi tana sheƙi kamar jiƙa, sau da yawa ƙanƙara ce. Kada ka bi bayan motar share dusa, tana yawan ja da baya kuma direbanta ba ya ganinka. In ka sauka daga dolmush, bari ta tafi kafin ka ƙetara. Masu tsayawa tsakiyar titi suna ɗaukar bidiyon TikTok kuwa, na daina zuwa da su.

Lambar gaggawa 112 ce. Kafin ka bar masauki ka haddace sunan otal ɗin da ya fi kusa da inda za ka bi, saboda shi za ka faɗa musu, kuma ka ajiye wayar a aljihun ciki, sanyi yana cinye caji da wuri.