Abin da Ya Dace a Ci da Gasasshen Nama a Zafin Bazarar Katsina

Daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, zafin rana a Katsina da Daura yakan kai digiri 40, wani lokaci ma ya haura, kuma a irin wannan yanayi ne gidaje da yawa suke haɗa garwashi da yamma domin gashin nama, ko don walimar suna, ko saukar karatu, ko tarbar baƙi. Babbar Sallah ma tana ta matsowa cikin wannan lokaci, domin a 2024 an yi ta ranar 16 ga Yuni, a 2025 kuma ranar 6 ga Yuni, kuma tun da kowace shekara tana ja baya da kusan kwana 11, layyar shekaru masu zuwa za ta riƙa faɗowa a tsakiyar bazara. Maigida yakan ba da hankalinsa ga rago da mahauci da gawayi, sai a bar uwargida da tambayar da ta fi wuya, wato me za a ajiye kusa da naman.

Kafin a zaɓi komai, ya kamata a dubi halin gasasshen nama. Tsire da balangu da gasasshiyar kaza duk suna da maiƙo da gishiri da yaji, ba su da romo, kuma suna saurin gundurar mai ci idan su kaɗai ne a faranti. Saboda haka abin da za a haɗa da su dole ya yi ɗaya daga cikin ayyuka biyu: ko ya cika ciki har naman ya ishi kowa, ko ya yanke maiƙo ya sanyaya baki. Zafin garinmu kuma ya ƙara sharaɗi na uku, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci, wato abincin ya iya jure zaman tsakar gida ba tare da ya lalace ba. Duk abin da ya kasa cika wannan sharaɗi, komai daɗinsa, a bar shi sai hunturu.

Da wannan ma'auni, kwaɗon zogale ne ya fi kowane cancanta. Ba shi da madara, ba shi da ƙwai, ɗan ɗacinsa yana kashe nauyin kitse, kuma ƙuli-ƙulin da ke cikinsa shi ne dai wanda ke jikin tsire, don haka ɗanɗanonsu ba ya karo. A bazara ɗanyen zogale yana ƙaranci, sai dai na lambu, amma busasshe yana nan a kowace kasuwa, kuma idan an iya gyara shi ba a cika bambance su ba. Ga mutum goma, rabin tiya na busasshen ganye ya wadatar. A fara tsince itatuwan da ke ciki, a jiƙa shi cikin ruwa mai yawa na kamar rabin awa domin ƙasa ta kwanta, sannan a tsame shi da hannu daga sama, kada a tsiyaye ruwan ta cikin gwagwa, domin yin hakan yana mayar da yashin kan ganyen. A dafa shi da ɗan ruwan kanwa kaɗan har ya yi laushin da zai mutsuke tsakanin yatsu biyu, a zubar da ruwan, a ɗauraye, a matse shi sosai. Matsewar nan ita ce rabin aikin, domin zogalen da ya riƙe ruwa yana mayar da ƙuli caɓi, kuma jiƙaƙƙen kwaɗo shi ne yake fara yami tun kafin la'asar.

Ƙuli-ƙulin kuwa a daka shi a turmi, kada ya yi laushi irin na garin tuwo, a bar shi da ɗan tsaki-tsaki yadda haƙori zai ji shi. Gwangwanin madara uku na dakakken ƙuli sun isa wannan adadi na zogale. A haɗa shi da gishiri da ɗunƙulen ɗanɗano da garin barkono tun yana bushe, a ajiye gefe. Albasa manya biyu da attaruhu uku da tumatir masu tauri huɗu a yanka su, amma kada a zuba sai naman ya kusa sauka daga wuta. A soya man gyaɗa da albasa har ya yi ƙamshi, a bar shi ya huce, sannan a haɗa komai a babban kwano a cakuɗa. Wasu suna yayyafa ɗan sukari, wanda ba laifi ba ne ga kwaɗon da za a ci shi kaɗai, amma wanda zai bi nama ya fi son a matse masa lemun tsami ɗaya. Idan an samu rama, ita ma haka ake yi mata, kuma tsaminta na asali ya sa ba ta buƙatar lemun. Lansir kuwa ganyen sanyi ne, kafin bazara ta yi nisa ya yi wuyar samu.

Sai abin cika ciki. A nan masa ce ta fi dacewa, domin tana tsotse maiƙon nama, ana cinta da hannu, kuma ba ta neman miya idan akwai yajin ƙuli a kusa. A jiƙa shinkafar tuwo gwangwani shida na tsawon awa biyar ko shida, a dafa gwangwani ɗaya daban ya yi luguf, idan ya huce a haɗa da jiƙaƙƙiyar, a sa albasa ɗaya a kai markaɗe. A zuba yis ƙaramin cokali biyu da ɗan sukari, a rufe. Abin lura shi ne ƙullun da zai kwana kafin ya tashi a watan Janairu, a watan Afrilu awa biyu zuwa uku sun ishe shi. Wadda ta kwaɓa da dare bisa al'adar hunturu za ta wayi gari da ƙullu mai tsami ƙwarai, wanda sai an sa masa ruwan kanwa kafin ya gyaru, kanwar kuma idan ta yi yawa tana sa masa ta yi ɗorawa-ɗorawa da wani wari. Idan da la'asar za a yi gashi, a kai markaɗe da hantsi, a fara suya bayan azahar. A bar tanda ta yi zafi sosai kafin a zuba ƙullun farko, sannan a rage wuta domin cikin ya nuna. Idan an kwashe, a jera a kwando ko a kan faifai ta sha iska tukuna, domin masar da aka tura cikin kula tana tururi gumi take yi, ta saki jiki, ta yi danƙo.

Wannan ƙullu, idan aka ƙara masa ruwa kaɗan, shi ne na sinasir, wanda ake soya gefe ɗaya a rufe da murfi har samansa ya yi huji-huji. Amfaninsa a wurin gashi shi ne ana iya naɗe yankan balangu da albasa a cikinsa, abin da ke sauƙaƙa wa yara da tsofaffi.

Gurasa ita ce mafita ga gidan da ba shi da hannaye da yawa. Ko da yake Kano ce aka fi sani da ita, ana samunta a Katsina, kuma masu tsire sun daɗe da gane cewa ita da nama abokan juna ne. A ɗora ta a gefen ragar gashi, inda wuta ba ta da ƙarfi, na minti ɗaya ko biyu, a shafa mata man da ke tsattsafowa daga naman, a barbaɗa yajin ƙuli. Wanda yake son bandashe sai ya tsoma ta a ruwan ɗumi ya cire nan take, ya zuba ƙuli da mai da albasa da tumatir, amma bandashe ba ya jiran kowa, ana haɗa shi ne a gaban mai ci.

Dambu yana buƙatar lokaci fiye da waɗannan, sai dai yana da wata falala, wato ya haɗa hatsi da ganye a kwano ɗaya, kuma da yake a warware yake, ba shi da ruwa, yana daɗewa fiye da dafa-duka. A wanke tsakin masara ko ɓarzajjiyar shinkafa, a tsane, a turara a madambaci na kusan minti 30. A juye a faffaɗan kwano, a yayyafa ruwa kaɗan, a zuba gyararren zogale da albasa da jajjagen attaruhu da dakakkiyar gyaɗa da gishiri, a mayar a sake turarawa har ƙamshin ganyen ya fito kuma tsakin ya daina ƙaras a baki. Soyayyen mai a ƙarshe ake sa shi, kuma ga dambun da zai bi nama a rage man zuwa rabin abin da aka saba, tun da naman zai kawo nasa. Game da dafa-dukar shinkafa da soyayyiyar shinkafa, waɗanda suka zama ruwan dare a bukukuwa, ba na ba da shawararsu ga taron da zai ja lokaci a waje. Dafaffiyar shinkafa tana ɗauke da wata ƙwayar cuta wadda dahuwa ba ta kashe irinta, kuma idan shinkafar ta zauna da ɗumi-ɗumi sa'o'i da yawa, ƙwayar tana hayayyafa ta fitar da dafin da sake ɗumamawa ba ya kawar da shi. Idan dole sai an yi ta, a sauke ta daf da lokacin ci, kuma a riƙa ɗibar ta kaɗan-kaɗan daga tukunya mai zafi.

Tun da an riga an hura gawayi, asara ce a bar garwashin ya ƙare a kan nama kaɗai. Dankalin Hausa, idan aka wanke shi aka binne cikin toka mai zafi a gefen murhu, yakan nuna cikin minti 40 ko kusa da haka, gwargwadon girmansa, kuma zaƙinsa yana tausasa zafin yaji. Ana gane ya nuna idan tsinken tsire ya shige shi ba tare da turjiya ba. Albasa da aka raba biyu da tattasai da yalo su ma suna gasuwa da kyau a kan raga idan an shafa musu mai da gishiri.

Salak shi ne inda aka fi yin kuskure. Noman rani a bakin madatsun ruwa irin su Ajiwa da Jibiya da Zoɓe yana kawo latas da kabeji da tumatir da albasa da karas, don haka kayan ba su da wuyar samu, ko da yake tumatir yakan yi tsada idan bazara ta yi nisa. Matsalar ita ce salak irin na biki, wanda ake lulluɓe shi da bama da dafaffen ƙwai da waken gwangwani, a ajiye shi a tire tun azahar. Ƙa'idar da masana tsabtar abinci suke bayarwa ita ce abinci mai saurin lalacewa kada ya wuce awa biyu a waje, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya kacal, kuma babu wata yammar Afrilu a Katsina da ba ta haura wannan. Abin da ya fi aminci, ya kuma fi dacewa da nama, shi ne salak irin na masu tsire: kabeji yankakke siriri, albasa, tumatir, kokwamba ko gurji, da gishiri da lemun tsami da ɗan man gyaɗa, a barbaɗa ƙuli a sama. Kabeji ya fi latas jure zafi, domin latas yana yaushi cikin minti kaɗan da zarar gishiri ya taɓa shi. A wanke ganyen da ruwa mai tsabta sau uku, ganye-ganye, kafin a yanka. Albasar da ta cika yaji kuma a jiƙa yankanta a ruwan sanyi na minti goma, za ta rage kaifi ba tare da ta yi laushi ba. Wajibi ne wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama da su kada su kusanci kayan salak, haka nan tiren da aka kai ɗanyen nama wurin wuta kada a mayar da gasasshe a kansa sai an wanke shi da sabulu. Wannan yakan faru ne a lokacin da aiki ya kacame, yaro ya miƙa duk tiren da hannunsa ya fara kaiwa gare shi, don haka ya fi kyau a ware wuƙa da tire na ɗanyen nama tun da safe, a nuna wa kowa su.

Abin sha ya kamata ya bi wannan tsari na yanke maiƙo. Zoɓo da aka dafa da citta da kanumfari, ba a cika masa sukari ba, ya fi lemun kwalba amfani a nan, haka ma jiƙon tsamiya mai sanyi. Kunun aya yana da daɗi amma yana saurin tsami idan ya rabu da ƙanƙara, kuma da yake wutar lantarki ba abin dogaro ba ce a bazara, sai an tanadi kula da ƙanƙara kafin a yi shi. Fura da nono abinci ce mai zaman kanta, wanda ya sha ta kafin nama ba zai ci wani abin kirki ba, don haka a jinkirta ta zuwa bayan isha'i ga masu sauran wuri. Kankana da mangwaro, waɗanda bazara ce kakarsu, a sanyaya su da ɓawonsu, a yanka bayan an gama cin nama, domin yankakkiyar kankana tana tara ƙuda kuma ita ma tana cikin abubuwan da ba sa jure zama.

Ba a buƙatar duk waɗannan a taro ɗaya. Ga mutum goma zuwa goma sha biyar, abin cika ciki ɗaya, kamar masa ko gurasa, da kwaɗo ko salak, da abin sha ɗaya, sun wadatar. Yajin ƙuli da soyayyen mai da zoɓo ana iya yin su tun jiya, a dafa zogale a matse da safe a ajiye shi a wuri mai sanyi, masa bayan azahar, yankan albasa da tumatir kuma sai an ga naman ya fara tsattsafo da mai. A shimfiɗa tabarma a inuwa, nesa da murhu, a rufe kowane kwano da faifai, kuma a fito da rabin kwaɗon da salak ɗin tukuna, sauran a bar shi a ɗaki ba a haɗa ba har sai na farkon ya ƙare.