Yadda za ka kai wa Bray ziyara, garin bakin teku a Ayalan

Ɗana yana aiki a Dublin, babban birnin ƙasar Ayalan, shi ya ɗauki nauyin tafiyata a watan Yuni. Tun da na dawo Maraɗi, duk wanda ya zauna a bakin shagona sai ya tambaye ni teku. Shi ya sa na rubuta wannan, domin wanda Allah ya nufa da zuwa ya tafi da shirinsa.

Fara da biza. Ayalan tana cikin Tarayyar Turai, amma ba ta cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka bizar Faransa ko ta Jamus ba za ta shigar da kai ba. Tata daban ce, a intanet ake cika takardar nema, kuma shafin zai faɗa maka inda za ka aika fasfo. Ka nema da wuri, watanni kafin tafiya. Babu jirgin da ke tashi daga Yamai kai tsaye zuwa Dublin, ni ta Istanbul na bi. Kuɗinsu yuro ne, yuro ɗaya kusan sefa 656, wato yuro goma ya ɗara jika shida da rabi. Ka riƙe wannan lissafi a ka, domin kuɗi a can kamar ruwa a rairayi suke. Ka kuma nemi mahaɗin caja mai ƙafa uku, namu mai ƙafa biyu ba ya shiga bangonsu.

Bray yana kudu da Dublin, tazarar kilomita 20 ko kusa da haka, mutanensa dubu talatin da 'yan kai. Jirgin ƙasa mai aiki da lantarki, wanda suke kira DART, shi za ka hau a tashar Connolly, ko Tara Street, ko Pearse. Tafiyar minti arba'in ce zuwa arba'in da biyar. Ka sayi katin Leap ka zuba masa kuɗi, ya fi tikiti araha. In ka ga an rubuta Bré a allon jirgi kada ka ji tsoro, sunan garin ne a harshensu na gado.

Ga abin da ɗana ya yi mini wanda nake roƙon ka yi wa kanka: ka zauna a gefen hagu, kusa da taga. Bayan tashar Dalkey jirgin zai fito daga cikin dutse, sai kawai ka ga ruwan Killiney a ƙarƙashinka, ya miƙe har inda ido ya gaza. Ni da na girma ina ganin Gulbin Maraɗi yana cika da damina ya ƙafe da rani, har a noma tumatir a gadonsa, na kasa magana. Sai na ji bakina yana tasbihi. Ɗana ya ce, “Baba, ai ba mu iso ba tukuna.”

Maganar tufafi ita ce babba, kada ka raina ta. Lokacin zafinsu ya fi kama da hunturunmu, kuma iskar teku tana ratsa shadda kamar babu komai a jikinka. Ka sa rigar sanyi a ciki, babbar riga a kai in kana so, sannan rigar ruwa mai hula a jaka. Lema ba ta da amfani sosai, iska ke juya ta. A wuni ɗaya na ga rana, na ga yayyafi, na sake ganin rana. Takalmi rufaffe za ka sa, domin bakin ruwan Bray yawancinsa tsakuwa ne masu santsi.

Daga tasha minti kaɗan ne a ƙafa zuwa doguwar hanyar da aka shimfiɗa a gaɓa don masu shan iska, tsawonta ya fi kilomita ɗaya da rabi. Tun da layin dogo ya iso garin a 1854 mutanen Dublin suke zuwa hutawa a nan, kuma manyan gidajen da ke kallon ruwa na wancan zamani ne. Wajen tsallaka titi ka fara duban dama, motocinsu hagu suke bi.

A ƙarshen hanyar akwai dutsen Bray Head, tsayinsa mita 241, da gicciyen da aka kafa a samansa a 1950. In gwiwarka na da ƙarfi ka hau, a hankali, kana hutawa. Na kai sama ina haki, amma daga can na ga garin duka, da duwatsun Wicklow a bayansa. Akwai kuma hanyar ƙafa da ke bin gefen dutsen zuwa garin Greystones, sai dai zaftarewar ƙasa ta sa an rufe ta. In ka tarar da shinge ka girmama shi.

Ruwan kuwa sanyi gare shi ko a tsakiyar lokacin zafi. Mu yawancinmu ba mu iya iyo ba, kuma teku ba tafki ba ne: yana janyewa, yana dawowa, sau biyu a yini. Ka tsoma ƙafa zuwa idon sawu ya ishe ka. In da yara, hannunsu a hannunka.

Abinci sai ka tambaya. Karin kumallon da suke alfahari da shi akwai naman alade a ciki, har da wanda ake haɗawa da jini. Soyayyen kifi da dankali shi ne abincin bakin teku, amma wasu suna kwaɓa fulawar da giya, wasu kuma suna soya shi a mai ɗaya da nama. Ka tambayi mai sayarwa, ba ya jin haushi, zai faɗa maka gaskiya. Faransanci ba ya aiki a can, ka tafi da mai jin Turancin Ingilishi. In za ka ci a waje ka kare abincinka, fararen tsuntsayen teku daga hannu suke fizga.

Salla ita ta fi ba ni aiki. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma saura na dare, asuba kuma ta yi sauri, ga shi a lokacin agogonsu da na Nijar ɗaya ne. Ka sa jadawalin sallar Dublin a wayarka. Juma'a mun yi ta a masallacin da ke South Circular Road a Dublin. A Bray kuwa teku yana gabas, ka fuskance shi ka ɗan karkata dama, ka sami alƙibla. Na yi alwala da ruwan gora, na shimfiɗa darduma a kan ciyawa a gindin dutsen, ɗana ya dafe gefenta da takalminsa saboda iska. Wata tsohuwa mai tafe da karenta ta ja shi ta kewaye ta bayanmu, ta bar mu muka idar da la'asar.